Sharhi Kan Fallen MoS2 Mai Shimfiɗa Ɗaya da Ake Sayar wa Ɗakunan Bincike

Kayan da nake magana a kansa ƙaramin falle ne na silikon mai rufin okzayid mai kaurin nanomita 300 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wanda aka shimfiɗa MoS2, wato sinadarin da ya haɗa ƙarfen molibdenum da farar wuta, a samansa ta hanyar CVD, inda tururin sinadarai ke haɗuwa cikin tanderu mai tsananin zafi sannan ya kwanta a kan fallen. Kaurin shimfiɗar kimanin nanomita 0.65 ne. Amfanin MoS2 yana fitowa ne idan aka kwatanta shi da girafin, wato shimfiɗa ɗaya ta kabon. Girafin, duk da saurin gudun lantarki a cikinsa, ba shi da giɓin makamashi, wato tazarar makamashin da sai lantarki ya tsallake kafin ya gudana, shi ya sa transistar (ƙaramin makunnin lantarki) da aka yi da shi ba ta kashewa yadda ya kamata, alhali MoS2 mai shimfiɗa ɗaya yana da giɓi na kusan eV 1.8 (eV ma'aunin makamashi ne). Da MoS2 mai shimfiɗa ɗaya ne ayarin Andras Kis na jami'ar fasaha ta EPFL da ke Lozan a Suwizalan ya ƙera transista a 2011.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsakiyar fallen ta burge ni ƙwarai. Ƙwayoyin sun fito masu kusurwa uku, gefunansu a miƙe, launinsu ɗaya. Gwajin Raman, wanda ke auna yadda hasken leza ke warwatsuwa daga kayan, ya nuna tazarar kusan 19 a ma'aunin cm⁻¹ tsakanin manyan kololuwa biyu na jadawalinsa, wadda ita ake sa ran gani a shimfiɗa ɗaya, domin a dunƙulallen MoS2 tazarar tana kaiwa 25. Hasken da ya fitar da aka haska shi da leza ma ya yi ƙarfi.

Gefen fallen ne ya rage mini armashi. A can ƙwayoyin sun hau kan juna, shimfiɗa ta zama biyu ko uku, kuma inda suka haɗu an samu iyakoki da ke tauye gudun lantarki. Wanda ya ƙera transistoci a wurare daban-daban na fallen zai ga sakamakonsu ya sha bamban, ya kasa tantance ko laifin na kayan ne, ko na mahaɗin ƙarfe da ke shigar da lantarki cikinsa, wanda dama shi ne babban ciwon kan wannan fanni. Sai a 2021 masu bincike na jami'ar MIT da ke Amurka da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙarfen bismut na rage turjiyar da wannan mahaɗi ke yi wa lantarki matuƙa. Takardar da ta zo da kayan ta ƙunshi awon wuri ɗaya tak, kuma a ganina wannan bai wadatar ba.

Domin koyar da ɗalibai da nazarin haske, fallen ya biya buƙata. Mai niyyar auna transistoci da yawa kuwa ya nemi mai sayarwa ya ba shi taswirar Raman ta dukan fallen kafin ya saya.