Sharhi a kan scikit-image: ya raba ni da baƙaƙen hotuna

Sana'ata gyara hotunan kaya ga 'yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba, yawanci shadda da atamfa da takalma, kafin su ɗora a WhatsApp da Instagram. Hotunan suna da yawa, shi ya sa da Python nake rage musu girma in ƙara musu haske a lokaci guda. Cikin kayan aikin da suka ratsa hannuna, scikit-image, wani kunshin sarrafa hoto na Python, shi ne ya fi kwanta mini a rai, kuma dalilin ɗaya ne: yadda yake kula da nau'in lambobin da ke cikin hoto.

A wurin kwamfuta, hoto jerin lambobi ne kawai. Hoton waya idan aka buɗe shi yakan zo a nau'in uint8, daga 0 zuwa 255. Da ka rage girmansa da umarnin resize na scikit-image, sai ya dawo maka a float64, wato nau'in lambobi masu ɗigo, duk suna tsakanin 0 da 1. Ka miƙa wa Pillow, wani kunshin hoto na Python, wannan hoto mai launi ya adana, sai ya ƙi, ya ce bai san wannan nau'in ba. A nan mutane da yawa kan yi hanzarin sa astype, umarnin sauya nau'in lambobi, su mayar da shi uint8. Saƙon kuskuren kam zai ɓace, amma 0.8 ta koma 0, 0.3 ma ta koma 0, sai ka buɗe hoton ka tarar da shi baƙi ƙirin, ba ko alamar atamfa.

Maganin da scikit-image ya tanada shi ne img_as_ubyte da img_as_float. Su idan sun sauya nau'i, har ma'aunin suke sauyawa tare. Wannan 0.8 ɗin za ta zama 204. Hoto mai bit 16, wanda lambobinsa ke kaiwa 65535, shi ma a daidaita shi ya sauko 255 ba tare da ya hargitse ba. Abin da ya fi burge ni kuwa, idan lambobin float ɗinka sun haura 1, img_as_ubyte tsayawa yake yi ya faɗa maka. Na fi son haka nesa ba kusa ba, domin Alhaji mai shago ba ruwansa da float, hoton kayansa yake jira.

Batun ƙara haske ma haka. A NumPy, kunshin lissafi na Python, in ka ƙara 10 a kan 250 cikin uint8, amsar 4 ce, saboda lissafin ya zagayo farko. Farar shadda ce ta fi shan wannan wahala, sai ta fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Yanzu float nake fara mayar da hoto, in yi lissafina, in datse da clip tsakanin 0 da 1, sannan in dawo uint8.

Shi ma scikit-image yana da nasa nauyin. Wajen saukewa yana janyo wasu kunshin kamar SciPy, don haka ka tanadi data. A tsohuwar kwamfutar da na saya a kasuwar Computer Village ta Legas na lura OpenCV, wani kunshin sarrafa hoto, ya fi shi sauri wajen rage girma. Sannan a kula, sa preserve_range=True a cikin resize yana barin lambobi tsakanin 0 da 255, amma nau'in yana nan float.

Duk da haka kyauta ne, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, da shi nake fara masa.