Barbarar dakwara: da hannu ko a bar wa ƙudan zuma?

Malam, ka tambaya ko da hannu ya fi a yi wa dakwara barbara, wato kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. In dai irin dakwara mai zubar da ƙaro sosai kake nema, bar wa ƙudan zuma barbarar nan ka huta.

Ni amya na jera a gefen gonata. Da damina, in dakwara ta fitar da fararen furanninta masu tsawo, tun hantsi bai yi ba gonar ta ɗauki ruri. Dakwara ba ta cika karɓar garin furen kanta ba, sai an kawo mata na wata bishiyar sannan take yin kwanso na kirki, kuma ƙudan nan kyauta suke wannan jigilar. Naka aikin zaɓe ne. Lokacin tsaga, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ka sa wa masu zuba da yawa alama, ka sare ragwayen da ke kusa da su, ka ɗebi iri daga iyaye da dama, ba guda ɗaya ba. Ga kuma zuma, wadda uwargida ta riƙe cinikinta, ko lissafi ba a ba ni.

Barbarar hannu, na yarda, ita ke sa ka san uban kowace ƙwaya. Amma furen mitsi-mitsi ne, sai an rufe kowace zangarniya da jaka, ga ƙaya tana yagar hannu. Aikin masu bincike ne, irin na tashar ƙaro ta Gashuwa. Burushi da jakunkunan da na saya suna nan cikin kwali.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallan dashe "mai aure daga waje". Auren da aka sani a dangin dakwara, wato haɗin jinsin bishiya biyu, na Malesiya da Biyetnam ne, don katako da takarda ake shuka shi, yana son ruwan sama mai yawa, kuma da yankan reshe ake yaɗa shi. Ba na ƙaro ba ne. Wasu ma dushe, ɗan uwan dakwara, za su miƙo maka, wanda ƙaronsa lamba 2 ne a kasuwa, na dakwara lamba 1. Duba ƙaya tun yana leda: ta dakwara gajeru ne, uku-uku, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, ta dushe kuwa dogaye ne farare, bibbiyu. In ba ka duba ba, sai bayan shekara 4 zuwa 5 za ka gane.

Sayi amya kafin ruwa ya sauka.