Sharhi a kan jerin littattafan The Expanse: tara ne, kuma sun cancanci kuɗinsu

Na sayi littafi na farko a jerin The Expanse ne da niyyar in ɗanɗana kawai, amma kafin shekara ta zagayo duka taran sun jeru a kan kantata. Sunan da ke bangon littattafan shi ne James S. A. Corey, wanda suna ne na aro da marubuta biyu 'yan Amurka, Daniel Abraham da Ty Franck, suke amfani da shi tare. Kamfanin Orbit ya fitar da na farko, Leviathan Wakes, a 2011, na ƙarshe kuma, Leviathan Falls, a 2021, sannan jerin ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba wa fitattun ƙagaggun labaran kimiyya, a 2020.

Labarin yana faruwa ne a wani zamani mai zuwa da ɗan Adam ya bazu zuwa wasu duniyoyin da ke kewaya rana, ya kuma rabu gida uku: mutanen wannan duniya tamu ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, da na duniyar Mas masu ƙarfin soja, da talakawan da ke zaune cikin duwatsun da ke shawagi tsakanin Mas da Jupita, waɗanda su ne ke haƙo arzikin da sauran biyun suke ci. Waɗannan na ukun su ne suka riƙe ni. A wurinsu ruwa da iskar shaƙa kaya ne da ake aunawa a biya, kuma idan kumbon da ke jigilar ƙanƙara daga zoben duniyar Satun bai iso tashar Ceres ba, sai a rage wa kowa rabonsa, tarzoma ta ɓarke. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gida yana jiran ɗan garuwa ranar da famfo ya ƙafe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Gwanintar marubutan tana cikin ƙananan abubuwa. Mutanen duwatsun nan dogaye ne sirara, ƙasusuwansu ba ƙwari, domin sun girma inda babu nauyin da ke danne jiki, kuma da hannu suke nuna amincewa ko rashin damuwa, saboda a cikin rigar sararin samaniya ba a ganin motsin kai ko na kafaɗa. Kumbo ba ya tsayawa cak kamar mota. Idan ya kai rabin tafiya sai ya juya baya ya kunna inji don rage gudu, in kuwa gudun ya tsananta sai a kwantar da matuƙa a kan kujeru na musamman, a ɗura musu magani ta allura don kada su suma. Na tuna daren da nake karanta irin wannan tsere da fitilar waya bayan an ɗauke wuta, na farga na ƙanƙame gefen katifa kamar ni ake dannewa.

Littafin farko, mai shafi sama da 500, yana tafiya ne babi-babi tsakanin Holden, ma'aikacin kumbon ƙanƙara da ba ya iya riƙe sirri, da Miller, ɗan sandan ciki da rayuwa ta gajiyar, wanda aka sa neman wata yarinya mai suna Julie Mao. Holden yakan ba ni haushi da yawan ganin kansa a kan gaskiya, kuma sau da dama gaskiyar da yake watsawa ba tare da tunani ba ita ke hura wutar yaƙi, sai dai marubutan ba su ɓoye masa wannan aibi ba. Gwanata ita ce Avasarala, tsohuwar 'yar siyasa da ta shigo a littafi na biyu, ko da yake bakinta cike yake da ashar, don haka ban ga dacewar a miƙa wa yara littattafan ba.

Na huɗu, Cibola Burn, ya ja ƙafa, har na ajiye shi mako biyu. Na biyar, Nemesis Games, ya biya ni wannan haƙuri, domin a nan aka raba ma'aikata huɗu na Rocinante, kumbon da Holden yake jagoranta, aka bi uku daga cikinsu zuwa tushensu. Na bakwai kuma ya tsallake kusan shekara 30, abin da shirin talabijin na jerin, wanda ya tsaya a zango na shida a 2022, bai kai gare shi ba.

Da Turanci aka rubuta su, mai sauƙin bi idan aka jure wa gaurayayyen harshen mutanen duwatsu a babukan farko. Shawarata ita ce a sayi na farko shi kaɗai tukuna, kuma a bi su a jere, domin wanda ya faro daga tsakiya zai ɓata.