Class C ko Class A don kai iyali Yellowstone?

Malam, kai da maiɗakinka da yara 4, daga Maryland zuwa gandun dajin Yellowstone a hutun makaranta, ka tambaya wace motar zango mai gida a cikinta za ka saya, Class C ko Class A: ka sayi Class C mai tsawon ƙafa 26 zuwa 29, ka rufe maganar. Irinta ce a ƙofar gidana.

Class C gabanta gaban babbar motar kaya ne, yawanci Ford E-450, aka ɗora gida a bayanta. Shi ya sa ko a ƙaramin gari a Nebraska ta yi tari za ka samu makaniken da ya san injin, kayan gyara kuma ba sai an yi oda ba. Gadon da ke saman direba yana kwashe yara 2 ba tare da ka kwance teburin cin abinci kowane dare ba, kuma nan za su fi so, sai ka raba faɗa. Galan ɗaya na fetur yana kai ta mil 8 zuwa 10. Zuwa da dawowa kusan mil 4,000 ne, ka ware galan 450.

Class A, mai siffar bas, falo ce mai taya, a tsaye ba abin da ya fi ta daɗi. Amma ta fi shan mai, tayoyinta sun fi tsada, ba kowane gareji ke karɓarta ba, kuma iskar Wyoming a kan babbar hanyar I-80 tura ta take yi kamar allon talla.

Tsawon da na ce ba don kwalliya ba ne. Zangunan da ke cikin gandun daji da yawa an tsara su tun motoci ba su yi wannan girman ba. Idan kun karkata Grand Canyon, zangon Mather ƙafa 30 ne iyakarsa. A Yellowstone kuwa zangon Fishing Bridge kaɗai ke da wuta da ruwa da magudana a kowane fili, kuma tun watanni kafin lokacin zafi ake cinye shi. Ka kama wuri kafin ka sayi ko da cokali.

Kafin ka kalli labule da talabijin, buɗe ƙofa ka nemi takarda mai ruwan ɗorawa da ke faɗin nauyin da motar za ta iya ɗauka. A wasu dogayen, musamman masu ɗakin da ke turowa waje, abin da ya rage bai wuce laba 1,500 ba. Ku 6 kun ci kusan rabi. Ruwa galan 40 laba 330 ne. Ga shinkafa, ga tukwane, ga naman halal da za ku cika firji da shi tun daga gida, domin tsakanin Iowa da Montana samunsa sai an sha wuya. Lodi ya wuce kima, tayar baya ce ke fashewa cikin zafin Yuli, ta tafi da bututun ƙarƙashin mota.

A zango, yawancin Class C amp 30 suke sha, wato wat 3,600. Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ta kusa cin rabi, ka haɗa ta da butar lantarki da na'urar ɗumama abinci wuta ta ɗauke. Kafin ka jona tiyo, ɗaura abin rage ƙarfin ruwa a bakin famfo, kada ƙarfin ya wuce psi 50 a ma'auninsa, in ba haka ba haɗin bututu ya saki a bayan kabad. Tankin bayan gida kada ka bar shi a buɗe ko da an jona magudana: ruwan zai tsiyaye, sauran ya taru ya daskare. Bari ya kai kashi 2 cikin 3, ka zubar da shi tukuna, sannan ka saki na wanka ya wanke tiyon. Mu masu alwala sau 5 da buta, tankunanmu sun fi saurin cika, kwana 2 zuwa 3 ka nemi wurin zubarwa. Yawancin zanguna kuma suna hana janareto daga 10 na dare zuwa 6 na safe, shayin asuba sai a kan gas.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Duk wanda ya ce yana aikin soja a wata jiha, ka tura kafin alƙalami a kawo maka mota, ɗan damfara ne. Motar da ka je ka gani ma sai ka sa ido. Hau gadon saman direba, ɗaga katifa, danna kusurwoyi da yatsa: in katako ya lotsa ko ka ji warin fumfuna, yoyo ya daɗe yana ci, sabon fenti ko turaren ɗaki ba sa gyara shi. Duba lambobi 4 na ƙarshe a jikin taya, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ta haura shekara 6, a canza ta komai kyan zanenta, ka cire kuɗin daga ciniki. Lambar jikin mota ta yi daidai da ta takardar mallaka, kuma ka tabbatar babu bashin banki a kanta. Ka ƙirga bel ɗin kujeru da hannunka, a samu 6, kuma na ƙaramin ya zama a kujerar da ke kallon gaba.