Takalmin fata na gwanjo ko sabon na roba: amsa ga Hajiya mai shirin gasar diresaj

Hajiya, ɗauki na fatar. Ko da na gwanjo ne, ko da dunduniyarsa ta ɗan cinye, shi za ki saya wa 'yar nan mai shirin gasar diresaj, wato gasar sarrafa doki, ki bar sabon na robar a kanti ya jira mai rabonsa. Tunda kin ce kuɗinsu kusan ɗaya ne, ai magana ta ƙare. Sai dai na san halin 'ya'yanmu na nan Ingila, sai an kawo musu hujja kafin su zura ƙafa a abin da wata ta taɓa sawa, don haka bari in ba ki abin da za ki gaya mata.

Duka biyun sun shiga gidana. Na robar muka fara saya, lokacin da babbar 'yata za ta yi gasarta ta farko a matakin Intro, wanda tafiya da sassarfa kawai ake yi a cikinsa. Ba ya jin ruwa, tsumma ɗaya ya isa goge shi. Iyakar alherinsa ke nan. Kafin shekara ta zagayo ya tsage a inda idon sawu ke lanƙwasawa, ya shiga ɓarewa kamar fentin tsohon kwano, mai gyara kuma ya ce ba abin da zai ɗinka a jikinsa.

Na fatar kuwa wata Baturiya ce a bargar da muke zuwa ta sayar mana, 'yarta ta tafi jami'a ta daina hawa. Ƙirar Petrie ne, na ƙasar Holan, baƙi, ya sha shekara uku ko huɗu a ƙafar waccan yarinyar. Ranar da na kawo shi gida 'yata ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Allah Ya sa a watan Baba ya zo mana daga Kano ganin likita. Shi kuwa mutum ne da ya yi shekaru yana hawa a tawagar hakiminsu, Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ba sa wuce shi, har ƙafa ta gaza. Ya ce a miƙo masa. Ya sansana, ya lanƙwasa bakin, ya danna da babban yatsa yana kallon yadda fatar ke komawa, ya ce wanda ya jeme wannan ya san aikinsa. Daren gasar a falo ya shimfiɗa jarida, ya zauna da buroshi da man takalmi, ya hana kowa taɓawa. Sai da ya yi ƙyalli har kina ganin fitila a jikinsa. Jikarsa da ke yatsina jiya ita ce ta zo ta tsaya a kansa tana tambayar yaushe zai gama.

Da muka je filin, abin ya ɗaure masa kai. Ba kakaki, ba algaita, ba jalala, ba maroƙi, doki ɗaya tal a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40, mutane sun yi tsit, alƙali na zaune cikin mota a gindin harafin C, ɗaya daga cikin haruffan da aka kafa a gefen filin, yana faɗa ana rubutawa. Ya ce wannan wane irin hawa ne, doki ba ado, mahayi kamar mai zuwa kotu. Amma ya zuba ido har ta gama, ta tsaya ta yi gaisuwa, sannan ya juyo ya ce min: yarinyar nan ƙafarta ba ta surutu. Hajiya, duk bayanin da malamar hawanta ta yi shekara tana yi min ban gane ba, a wannan kalma na gane shi.

Don diresaj, wannan da 'yan gida ke ce wa rawar doki, hira ce tsakanin ƙafa da haƙarƙarin doki. Lokacin da 'yata ta fara gasa an hana mahayi yin magana ko tsaki ko kaɗa harshe, in alƙali ya ji sai ya rage maki. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, kuma abin da ake so shi ne doki ya yi abu kamar shi ya ga dama, ba a ga inda aka umarce shi ba. To duk umarnin yana fitowa ne daga zama da linzami da cikin ƙwauri. Takalmin diresaj na gaske an yi bayansa da tauri tun daga dunduniya har sama, gefen waje ma a sandare yake, shi ke riƙe ƙafa ta sauka a miƙe ta zauna wuri ɗaya. Gefen ciki kuma fata ce da ke laushi da zafin jiki, tana kama sirdi, tana barin mahayi ya ji numfashin dokin. Roba in gumi ya taɓa ta santsi take yi, ƙafa ta yi ta reto, doki ya rasa wanne ne umarni wanne ne kuskure. Alƙali ba ya ba takalmi maki, kada wani ya ruɗe ki. Abin da ƙafar ke yi a cikinsa yake gani.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Sabon takalmin fata irin wannan azaba ne a makonnin farko, yana cin bayan gwiwa, yana tayar da bororo a dunduniya, har sai ya karye a idon sawu ya sauka da kamar santimita ɗaya ko biyu. Nan ne gwanjo ya fi sabo, wata ta riga ta sha miki wannan wahalar. Amma fa tunda ya riga ya sauka, ba zai ƙara sauka ba, tsawon da kika gani shi ne tsawonsa. Ki zaunar da ita a kujera, sanye da wandon hawa da safar da za ta sa ranar, gwiwa a lanƙwashe, ki auna daga ƙasa zuwa lungun bayan gwiwa, sannan ki auna inda sha-raɓarta ta fi kauri, ƙafa biyun duka, don ba lallai su zo daidai ba. Lambar ƙafa kaɗai ba ta isa ba. Na ga mata da yawa sun sayi lamba daidai, zif ya ƙi rufuwa a rabin hanya.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in janye maganata: in har ƙafarta ba ta gama girma ba. Kin ce shekararta 16, ina jin ta tsaya, amma ke kika san yaushe rabon da ki canza mata lambar takalmin makaranta. In tana ƙaruwa, kada ki sayi ko ɗaya daga cikin biyun, ki nema mata gajeren takalmin fata da abin rufe ƙwauri mai launi ɗaya da shi, a ƙananan matakai ana shiga da su. Ki dai buɗe littafin dokokin bana na British Dressage, hukumar diresaj ta Birtaniya, ki karanta sashen sutura da idonki, don suna taɓa shi lokaci zuwa lokaci. Kada kuma a ce za a aiko miki da takalmin folo daga Kaduna ko Katsina don ya fi araha. Fatarsa mai kyau ce, amma an yi shi ne da kauri don ya tare ƙwallo da sanda da gogayyar dawaki, aikinsa daban.

In kin saya, ga abin da zai sa ya kai ga ƙanwarta. Bayan kowane hawa a goge gumin da ɗanyen tsumma, don gishirin gumi ke busar da fata. Kada a jingina shi da hita, ya bushe da kansa. A cusa masa abin da zai tsayar da shi a miƙe, ko jarida ce a naɗe. Kada ta shiga kwashe kashin barga da shi, fitsarin doki na cinye zaren ɗinki, ta sa wani takalmin banza har sai za ta hau. Baba ya so ya shafa masa man shanu irin yadda suke yi wa kayan doki a gida, na roƙe shi ya bari, don maiƙo mai yawa sassauta shi yake, taurin da aka saye shi dominsa ya tafi. Man takalmi kuma a waje kawai, kada a taɓa gefen ciki. Wannan da kuskure na koye shi: dokin da 'yata ke hawa kili ne, mun kwana muna wanke shi, kafin ta gama ɗumama shi baƙin mai ya zana masa layi biyu a haƙarƙari, farin ƙyallen ƙarƙashin sirdi ma ya ɓaci.

Tunda na taɓo dokin, ki wanke shi ana gobe gasa, amma kada ki zuba wa gezar man santsi, in ba haka ba kitson ba zai kamu ba. Kitson geza ba dole ba ne, al'ada ce, amma kusan kowa na yi, kuma yana fito da surar wuya. Ke da kika iya shuku da kalaba wannan wasa ne a wurinki: ki raba gezar kashi-kashi daidai, ki kitsa kowanne, ki naɗe shi ya zama ƙulli. Da zare da allura mara kaifi ya fi zama da kyau, ƙananan robobi sun fi sauri amma suna tsinka gashi in an bar su sun daɗe. Ki kwance da zarar an gama. Dogayen gashin nan na bakinsa da na gefen idonsa kuwa kada ki bari kowa ya sa musu almakashi da sunan kwalliya, da su yake jin abin da ke kusa da shi. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta aske su tun daga watan Yulin 2021. Bandejin ƙafa da takalman kariya na doki a wurin ɗumi kawai ake barinsu, a cire kafin a shiga gaban alƙali. Safar hannu kuma kada ta manta da ita a mota.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba. Kasuwar gwanjon kayan doki a intanet cike take da 'yan damfara, ni ma sun taɓa ni. Kafin in samu na Baturiyar nan, na tura wa wani kuɗi a kan hoton takalmin König mai kyau, abin da ya iso wani abu ne mai warin leda da tambarin da aka manna da gam, da na koma neman mutumin shafinsa ya ɓace. Wasu kuma su rubuta miki fata zalla, alhali ƙafar ce kawai fata, dogon jikin roba ne. Ki ce a ɗauko miki hoton cikin takalmin inda aka buga lamba da awon ƙwauri, da hoton dunduniya ta ciki inda shafin ke fara hujewa, da hoton ƙasansa, da ɗan bidiyo ana zuge zif sama da ƙasa, kuma a ajiye takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Zif in ya lalace ana canza shi, ki dai rage kuɗin gyaran a ciniki. Fatar da ta tsage a idon sawu kuwa ta mutu, ko kyauta ce kada ki karɓa. Wanda ya ce ki biya ta hanyar 'yan'uwa da abokai a PayPal don a kauce wa caji, so yake ki rasa kariyar mai saye, ki rabu da shi. Mafi alheri ki tambaya a bargarku, ko ki je shagon kayan doki mai sashen gwanjo inda za ta gwada a ƙafarta.

Abu ɗaya ne ban yarda ki saya a gwanjo ba ko da 'yar'uwarki ce ke sayarwa: hular kwano. Hular da ta taɓa bugun ƙasa tana iya yin kyau a waje alhali abin da ke shanye bugun a ciki ya riga ya murƙushe, ba kuma mai gaya miki. Jabunta ma sun yi yawa, da tambarin inganci na ƙarya. Ki kai ta shago a auna kanta, ki duba cikin hular ki ga alamar gwaji irin su PAS 015 tare da tambarin Kitemark, ki gwada da jerin da dokokin bana suka amince da shi. In tana sa ɗankwali ko hijabin wasanni a ƙarƙashi, da shi za a auna, mara kauri, mara fil. Da can manyan mahaya doguwar hular nan ta Turawa suke sawa don ado. A 2010 Courtney King-Dye, Ba'amurkiyar da ta je Olamfik, doki ya faɗi da ita ba hular kwano a kanta, ta samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. A Olamfik ɗin Landan na 2012 Charlotte Dujardin ta ci zinare a kan doki mai suna Valegro da hular kwano, daga farkon 2021 kuma FEI ta wajabta ta. Duk abin da gwanjon takalmi ya rage miki, a nan za ki zuba shi.

Ki karɓo na fatar a makon nan, kada ki jira sai ana jibi gasa. Ta hau da shi sau biyar ko shida tukuna, don ko tsoho ne sai ya saba da sabuwar ƙafa, ki kuma jefa filasta biyu a jakarki saboda dunduniya. In kin auna ƙwaurin ki turo min awon tare da hotunan da mai sayarwar ta ba ki, in duba miki kafin ki biya.