Kalbin ko Arminiyus: Wane Ra'ayi Za a Bi?

'Yan'uwa Kirista masu jin Hausa a nan Sudan suna yawan tambayata ko marar bi zai iya karɓar bishara da bangaskiya. Mabiyan Kalbin, wani malamin tauhidin Kirista na ƙarni na 16, sun ce marar bi matacce ne cikin zunubi, bisa Afisawa 2:1, sai Ruhu Mai Tsarki ya fara rayar da shi. Haka Majalisar Dort, wani taron shugabannin ikkilisiya a ƙasar Holan, ta tsayar a 1619. Mabiyan Arminiyus, wani malamin tauhidi ɗan Holan da ya saɓa wa wannan koyarwa, sun ce alherin Allah yana buɗe wa kowa hanya, amma mutum yana iya ƙi. Haɗarin ra'ayin farko shi ne sanyin jiki wajen wa'azi, na biyun kuwa, wanda a ganina ya fi yaɗuwa, mai wa'azi ya ɗauka iya bakinsa ne yake sa mutane tuba. Wanda tsoron rasa ceto yake hana barci zai sami natsuwa wurin Kalbin, domin a koyarwarsa wanda Allah ya ceta ba ya rasa cetonsa. Mai neman ƙarfin gwiwar kiran kowa ga tuba, Arminiyus ya fi dacewa da shi.