Kayan "vegetale" a kantunan Italiya: wanne zaka saya, wanne zaka bari a kan kanta

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Italiya da masu shirin shigowa. Duk wanda ya kwana biyu a ƙasar nan yaga yadda layin kayan "vegetale" yake ta faɗaɗa a kanti, wato abincin da ba nama ba madarar dabba a ciki. A da sai ka nemi irinsu NaturaSì kafin ka samu awara ko madarar waken suya, yanzu kuwa Lidl da Eurospin da Coop da Conad da Esselunga kowa ya ware musu waje, wasu ma da sunan kayansu na kansu, Lidl nada Vemondo, Conad nada Verso Natura. Rahoton cibiyar bincike ta Eurispes na 2024 yace kashi 9.5 cikin ɗari na 'yan Italiya basa cin nama, amma masu sayen kayan sun wuce haka nesa ba kusa ba, don wasu rage naman kawai suke yi, wasu kuma madarar shanu ce ke ɓata musu ciki. Hatta Nutella a 2024 ta fito da mai koren murfi wadda aka cire madara aka sa ceci, wani wake mai zagaye da ake kira chickpeas da Turanci, da ruwan zaƙin shinkafa a madadinta.

Mu kuma abin ya shafe mu ta wata fuskar daban. Wanda yake zaune a ƙaramin gari da sai ya hau jirgin ƙasa ko bas kafin ya kai ga mahautar halal yasan abinda nake nufi, ka shiga kanti yunwa na cinka kana ta juya kwali kana neman inda aka ɓoye alade. Toh wannan layin yana rage wahala sosai, amma dan Allah a fara riƙe wannan kafin komai: vegano ba shine halal ba.

Kalma biyu ce zaka dinga gani. "Vegetariano" babu nama amma za'a iya samun ƙwai da madara da cuku. "Vegano" ko "100% vegetale" babu komai na dabba, kuma sau da yawa zaka ga tambari, ko rawaya mai koren V ko wanda aka rubuta VEGANOK. Idan kaga vegano hankalinka ya kwanta akan "strutto" wato kitsen alade, wanda ake sawa a piadina ta gargajiya, wata gurasar Italiya, da wasu burodi, ya kwanta akan "gelatina" da ake yi da fata da ƙashin dabba da kuma sinadarin E471 ɗin nan da ba'a faɗin daga ina aka samo shi. Amma giya fa daga inabi take, don haka mai cin vegano baya ƙinta. Ni da idona na ɗauki ledar taralli, ɗan cincin ɗin nan na Puglia mai kamar zobe, an rubuta vegano ɓaro-ɓaro a gaba, na juya baya sai ga fulawa, man zaitun, na uku "vino bianco". Haka ake yinsa tun asali, ba wai ha'inci bane. Shima burodin yanka na leda da suke kira pancarrè yawanci akwai rubutu ƙanana a ƙasa cewa an feshe shi da "alcool etilico" don kada yayi fumfuna. Hukuncin wannan kowa ya tambayi malaminsa, nawa dai ince a duba "vino", "alcool", "liquore", "marsala", "birra" kafin a jefa a kwando.

Sai madara, wadda ita aka fi saya kuma nan aka fi yin asarar kuɗi. Kada ka nemi kalmar "latte" a kwalin, hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2017 ya tabbatar da cewa doka ta hana kiran waɗannan madara, shi yasa zaka ga "bevanda di soia", "bevanda di avena", "bevanda di riso". Ta almon da ta kwakwa ne kawai aka bar musu sunan latte saboda tsohon suna ne a Italiya, mutanen Sisili sun daɗe suna shan latte di mandorla mai sanyi lokacin zafi kamar yadda muke yi da kunun aya. Tsadarsu kuma harda haraji a ciki, IVA ɗinsu kashi 22 ne alhali madarar shanu kashi 4.

Idan so kake ta tsaya a matsayin madara, ta waken suya zaka ɗauka, ita kaɗai ce furotin ɗinta ya kai kusan giram 3 a mililita 100, daf da na shanu. Ta avena, wani hatsi ne da Turawa ke kunu dashi, tafi daɗi a kofi da shayi, tana da ɗan kauri da gardi kuma bata saurin tsinkewa, amma furotin ɗin da wuya ya wuce giram 1. Ta shinkafa zaƙi ne da ruwa, furotin kusan babu, kuma ba'a so a maida ita abin shan ƙananan yara saboda sinadarin arsenik da shinkafa ke ɗauka daga ƙasa. Ta almon kuma juya kwalin ka duba, dayawa almon ɗin kashi 2 ko 3 ne cikin ɗari, saura ruwa, kaga kenan ruwa ka saya da tsada. Jariri ɗan ƙasa da shekara kuwa babu ko ɗaya cikinsu da zata maye masa nono ko madarar jarirai, wannan ba wajen gwaji bane.

Abu biyu nake nema a kwali: "senza zuccheri aggiunti" wato ba'a ƙara sukari ba, da kuma "con calcio", ƙarin kalsiyam, wanda yawanci miligiram 120 ne a mililita 100 kamar na shanu, idan harda bitamin B12 da D toh madalla. Wani abu da mutane basu sani ba, masu tambarin "bio", wato na noman da ba'a sa takin zamani ba, duk da sunfi tsada galibi ba'a ƙara musu kalsiyam, don haka mai saya wa yara kada sunan bio ya ruɗe ta. A girgiza kwalin sosai kafin a zuba don kalsiyam ɗin kwanciya yake a ƙasa. Akan kamfani kuma, Valsoia ta Bologna tun 1990 take wannan sana'a, akwai Alpro, akwai ta Granarolo, duk suna da kyau, amma gaskiya idan ka jera bayan kwalinsu da na masu sunan kanti lambobin kusan ɗaya ne kuma na kantin yafi sauƙi sosai. Ni na kanti nake saya na girki da kunu, in an saka mai suna a ragin farashi na volantino, takardar tallan kanti, sai in ɗebi kwali shida in ajiye tunda basa buƙatar firij sai an buɗe.

Yanzu abinda yake tsayawa a madadin nama. Na farko tofu, kuma 'yar uwa kada sunan ya tsorata ki, awara ce, wallahi awarar da kika sani ce ta waken suya, kawai ba'a soya ba kuma ba'a sa mata komai ba. Wanda ake sayarwa a manyan kantuna a matse cikin leda, "tofu al naturale", yana da tauri kuma furotin ɗinsa na kai giram 12 zuwa 15 a giram 100. Na shagunan 'yan Caina, irin na titin Paolo Sarpi a Milan ko kasuwar Esquilino a Rum, yafi laushi yafi araha kuma shi yafi kama da tamu ta gida, sai dai baya daɗewa, kwana biyu uku a firij cikin ruwa kina canza ruwan kullum. Yadda nake yi, in naɗe shi a tsumma mai tsafta in ɗora tukunya da ruwa a kai kamar minti ashirin har ruwan ya tsane, in yanka, in jiƙa a ruwan gishiri da magi mai ɗumi, sannan in tsane in soya a mai mai zafi har yayi ja, a barbaɗa yaji a yanka albasa da kabeji. Yara basa barin ko ɗaya a faranti. Akwai "affumicato" mai ƙamshin hayaƙi, shi yana shiga miyar ganye da kyau, ɗan ƙamshin yana tuna maka banda.

Na biyu wanda nake ganin yafi komai riba kuma mutane basa kula shi saboda baya firij, yana can wajen busasshen wake: "soia granulare" ko "bocconcini di soia". Busasshen waken suya ne da aka cire masa mai, furotin kusan rabin nauyinsa, in ka jiƙa yana kumbura ya ninka biyu zuwa uku. A tafasa shi minti goma da ɗan gishiri da citta, a tace, a matse shi da hannu sosai sosai don wannan matsewar ce ke fitar da ƙarnin, sannan a soya da albasa da attaruhu kafin a zuba a miya. Mai ƙananan ƙwayoyi yana zama kamar niƙaƙƙen nama a miyar taliya ko cikin samosa, in kina da nama kaɗan ki haɗa rabi da rabi ba mai ganewa.

Seitan alkama ce zalla, an wanke ƙullun fulawa har sai danƙon ya rage, yana da taunar nama fiye da awara kuma yana yin tsire mai kyau da ƙuli, amma mai cutar da suke kira "celiachia" ko duk wanda alkama ke damu kada ya kusance shi, kuma a duba ruwan da aka dafa shi a ciki. Tempeh na Indonesiya ne, waken suya da aka bari ya ruɓa kaɗan, wanda ya saba da daddawa bazai ji baƙon abu ba, sai dai tsada.

Su burger da cotoletta (mai faɗi da ake turbuɗawa a garin burodi) da polpette (masu dunƙule) na firij sune suka fi cika ido. Iri biyu ne. Akwai na kayan lambu irin na Kioene, kamfanin yankin Padova, waɗanda basa kwaikwayon nama, alayyahu ne ko gauta ko wake a dunƙule. Akwai kuma masu kwaikwayon nama har kala da maiƙo irin Beyond Meat da wasu na Garden Gourmet. A ƙarshen 2023 gwamnati tayi doka ta haramta naman da ake haɗawa a ɗakin gwaji, har ta taɓo maganar sa sunan nama a kayan tsiro, amma waɗannan na kanti ba wancan naman bane, daga wake da alkama da mai ake yinsu. Ra'ayina a kansu, na ranar gajiya ne, ka dawo daga aiki ƙarfe tara na dare ka jefa a kasko minti shida. Amma duba ƙaramin rubutun farashi a kan kanta inda aka sa "al kg", zaka ga masu kwaikwayon naman kilonsu yafi kilon kaza a mahautar halal tsada. Duba "sale" kuma, in gishirin ya haura giram 1.5 a giram 100 ni ajiyewa nake, musamman gidan da akwai mai hawan jini. Sannan wasu cotoletta ɗin vegetariano ne da ƙwai a ciki, wannan mu ba matsala bane.

Cukun tsiro bazan ɓata lokaci a kai ba, mafi yawa man kwakwa ne da sitaci, furotin babu, tsada akwai. Yogot na waken suya kuwa yana da kyau, mara zaƙin ma yana damuwa da fura.

Abinda yafi birge ni shine su kansu 'yan Italiya tun kafin wannan yayin suna da abincin wake na kakanni, pasta e fagioli, pasta e ceci, ribollita ta Toskana, farinata ta Jenowa da ake gasawa da garin ceci, panelle na Palermo wanda yake ɗan uwan ƙosai ne. Kuma wakenmu na gida mai baƙin ido yana nan, sunansa "fagioli dall'occhio", na daɗe ina zuwa shagon 'yan Afirka nemansa kafin wata tsohuwa makwabciyata ta nuna min shi a kantin unguwa, tace a ƙauyensu dashi suka tashi. Yana alala, yana ƙosai, yana shinkafa da wake. Lenticchie, wasu ƙananan wake masu faɗi da ake kira lentils da Turanci, basa buƙatar jiƙo, minti ashirin zuwa talatin sun nuna. Waken gwangwani kuma irinsu borlotti da cannellini da ceci a zubar da ruwan a ɗauraye don rage gishiri. Wanda dai ya yanke nama da madara da ƙwai gaba ɗaya dole ya nemi ƙwayar B12 a kemis, wake baya bada shi.

Don haka in kuɗin sati ya matse, kwandona kwali biyu ne na bevanda di soia mai kalsiyam mara sukari, tofu biyu, leda ɗaya ta soia granulare wadda takan kai ni sati uku, rabin kilo na fagioli dall'occhio da rabin kilo na lenticchie, burger kuma sai ranar da na ganshi da jan tambarin ragi saboda kwanansa ya kusa, in kawo in saka a firiza.